Nazarin Lamari: Babur Mai Shaƙewa Idan Ya Yi Zafi, da Famfon Mai da Aka Ɗora wa Laifi

Babur ɗin da wannan nazari ya shafa mai silinda biyu ne, girman injinsa 650 cc, yana aiki da injekta, wato na'urar da ke fesa wa inji mai a madadin kafireto, kuma famfon mansa na lantarki yana zaune ne a cikin tanki, a nutse cikin fetur. Ya yi tafiyar kusan kilomita 48,000 ba tare da wata babbar matsala ba, sannan aka ajiye shi fiye da shekara guda a waje, an lulluɓe shi da tamfol, da mai ƙasa da rabin tanki. Da mai shi ya dawo da shi kan hanya, sabon batir kawai ya sa masa, ya ƙara fetur a kan tsohon da ke ciki, ya ci gaba da hawa.

Bayan 'yan makonni sai alamu suka fara bayyana. Da safe bugu ɗaya babur ɗin yake tashi, silonsa, wato aikin injinsa ba tare da an murɗa totur ba, daidai yake, kuma a tafiyar cikin gari babu abin ƙorafi. Amma idan aka hau babbar hanya aka riƙe totur a buɗe, to bayan minti 15 zuwa 20 sai ƙarfi ya fara raguwa a hankali, inji ya riƙa shaƙewa yana fizga, salansa tana harbi jefi-jefi, in an sassauta totur kuma sai ya dawo daidai. Daga baya abin ya kai ga yana mutuwa gaba ɗaya, sai an bar shi ya huta kamar minti goma kafin ya yarda ya tashi. A duk tsawon wannan lokaci fitilar gargaɗin inji ba ta taɓa kunnuwa ba.

Kafin babur ɗin ya zo hannunmu an riga an yi masa gyara a wani wuri. An canza fulogai, an canza filtar iska, da abin ya ƙi sai aka buɗe tanki aka cire ɗan injin famfon aka sa sabo tare da sabuwar rariyar bakinsa, aka mayar da shi cikin tsohon gidansa. Babur ɗin ya yi lafiya na ɗan lokaci, sannan matsalar ta dawo yadda take, kuma shawarar da aka ba mai shi ita ce sabon famfon ne bai da kyau, a sayi wani. Wannan tarihi shi ne abu mafi amfani da muka samu kafin mu taɓa ko noti ɗaya, domin gyaran da ya yi aiki na ɗan lokaci sannan ya rushe yana nuna cewa an taɓa kusa da inda ciwon yake, amma abin da ke haifar da shi yana nan.

Tambayar farko da aka tsaya a kanta ita ce, shin mai ne ke yankewa ko wutar fulogi. Kwayil mai ba fulogi wuta, da sensar karanshaf mai lura da juyin inji, su ma sukan gaza idan sun yi zafi su farfaɗo idan sun huce, don haka mutuwa bayan zafi ba hujja ba ce a kan famfo. Abin da ke raba su shi ne yadda injin yake mutuwa. Idan wuta ce ta yanke gaba ɗaya, mutuwar farat ɗaya ce, allurar da ke nuna juyin inji takan faɗi nan take, kuma sassauta totur ba ya taimakawa. Idan mai ne bai isa ba, ƙarfi yakan zube ne sannu a hankali, ya fi tsanani a inda inji ya fi buƙatar mai, ya yi sauƙi da zarar an rage buƙatar. Bayanin mai babur ya dace da na biyun, kuma fulogan da aka ciro sun ƙara ƙarfafa shi, domin bakinsu fari ne fat kuma a bushe, alamar iska ta rinjayi mai a cikin silinda.

Akwai wani abu mai sauƙi da ya wajaba a kawar kafin a zargi famfo, wato kafar da iska ke shiga tanki. Duk man da famfo ya zuƙe dole iska ta maye gurbinsa, in kuwa kafar ta toshe sai tankin ya riƙe man, famfo ya yi ta ja a banza, kuma alamun sukan yi kama da waɗannan ƙwarai. An hau babur ɗin har ya fara shaƙewa, aka tsaya aka buɗe murfin tanki nan take. Ba a ji ƙarar zuƙar iska ba, kuma da aka ci gaba da tafiya bai canza hali ba. Sai dai buɗe murfin ya nuna wani abu da ba a je nema ba: a ramin da ke kewaye da bakin tanki akwai ruwa a kwance da laka, kuma ƙaramar kafar da ya kamata ta zubar da ruwan sama zuwa ƙasa a toshe take. An rubuta wannan aka ajiye.

Daga nan aka bi hanyar wutar famfo bisa tsarinta. A irin wannan babur, idan aka murɗa maɓalli kuma jan makunnin hannun dama yana a kunne, ƙwaƙwalwar inji, wato ƙaramar kwamfutar da ke sarrafa shi, takan ja rile, makunnin da ke sakar wa famfo wuta, famfo ya yi aiki na daƙiƙa 2 zuwa 3 ya cika layin mai sannan ya tsaya, ba zai sake tashi ba sai ƙwaƙwalwar ta ga alamar karanshaf yana juyawa. Akwai kuma sensar faɗuwa da ke yanke famfon idan babur ya kwanta. Duk waɗannan sun yi aikinsu: fis lafiya yake, an ji rile ya yi ƙas, an ji kukan famfo a cikin tanki. A nan ne gyare-gyare da yawa ke karkacewa, domin ana ɗaukar kukan a matsayin shaidar lafiya. Kukan ba ya nuna komai sai cewa wuta ta isa kuma injin famfon yana juyawa. Bai faɗi yawan man da yake turawa ba, bai kuma faɗi ƙarfin wutar da ta isa gare shi ba.

Aka haɗa gejin matsi a tsakanin tanki da injektoci da mahaɗi mai baki uku. Littafin wannan babur ya nemi matsi na kimanin 300 kPa, wato bar 3 ko psi 43, adadin da ake yawan gani a baburan injekta, ko da yake kowane babur sai an duba nasa littafin. Da aka kunna maɓalli allura ta hau 43 ta tsaya, a silo ma ba ta motsa ba. Da aka kashe inji aka bar shi, matsin bai zube da sauri ba, wanda ke nuna cewa bawul ɗin da ke hana mai komawa baya, da mai daidaita matsi, da injektocin kansu ba sa yoyo. Wanda ya tsaya a nan zai rantse famfon lafiyarsa ƙalau, kuma bisa abin da ya auna bai yi ƙarya ba.

Matsi da yawan kwarara abubuwa biyu ne daban, kuma a ganina rashin bambance su shi ne zuciyar wannan lamari. Famfon ruwa na gida da bututunsa ya cushe da datti, idan yana rufe matsi yakan taru a bayansa cif, amma da an buɗe shi sai ya yi feshi na ɗan lokaci ya koma ɗigo. Haka layin mai yake. A silo inji yana shan ɗan kaɗan ne, ko raunannen famfo zai iya riƙe psi 43. Sai an buɗe totur injektoci sun daɗe a buɗe ne za a san ko akwai man da zai biyo baya. Saboda haka aka yi gwaji na biyu: aka zare tiyon mai aka sa bakinsa cikin kwalbar awo, aka kunna famfo na daƙiƙa goma kamar yadda littafin ya tsara. Abin da ya taru bai kai rabin mafi ƙarancin adadin da littafin ya gindaya ba, kuma da aka ɗaga kwalbar ga haske, man ya yi duhu-duhu, da ɗan jan gari kwance a gindinta.

Domin a ga abin da idon mai babur ba ya gani, aka ɗaure gejin da kyau a inda mahayi zai iya hango shi, aka tabbatar babu ɗigo ko ɗaya a mahaɗai, aka fita hanyar da babu cunkoso. Da farko allura tana sauka kaɗan idan an murɗa totur ta koma. Da inji ya yi zafi sai ta fara sauka zuwa 30, daga baya zuwa 25, kuma a daidai lokacin ne fizgar take farawa. Wannan adadi yana da ma'ana a lissafi. Man da ke fita ta injekta yana bin tushen murabba'in matsi ne, don haka saukowa daga 43 zuwa 25 na nufin injin ya rasa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mansa a lokacin da ya fi buƙatarsa. Ƙwaƙwalwar inji kuwa ba ta sani ba, domin a yawancin babura babu sensar da ke auna matsin mai; ita dai tana ƙidaya tsawon lokacin buɗe injekta ne bisa zaton matsin bai canza ba. Sensar da ke cikin salansa tana gyara ƙananan kurakurai a tafiya mai sauƙi, amma idan aka buɗe totur sosai ƙwaƙwalwar takan koma ga jadawalin da aka rubuta mata. Shi ya sa fitilar gargaɗi ta yi shiru. Kuma wannan yanayi ba na wasa ba ne, domin injin da ke aiki da ƙarancin mai a babban gudu yana ƙara zafi, kuma bawul da fistan ne ke biyan kuɗin.

Ya kamata a faɗi a nan cewa wanda ya ƙware a kan kafireto yana da uzuri idan wannan ya ruɗe shi. A babur mai kafireto mai yakan gangaro ne da nauyinsa, ko ta ƙaramin famfo mai matsi na psi kaɗan, kuma idan aka zare tiyo aka ga mai yana zuba to magana ta kusa ƙarewa. Injekta ta shiga baburan kasuwa tun 1980 a wani samfurin Kawasaki mai 1000 cc, amma ta daɗe tana kan manyan babura kawai. Dokokin hayaƙi ne suka sauko da ita zuwa ƙanana, musamman bayan Indiya ta fara aiki da matakin dokar hayaƙinta mai suna BS6 a watan Afrilun 2020. Yanzu famfo mai babban matsi yana cikin baburan yau da kullum, kuma ido da kunne kaɗai ba sa isa a yi masa hukunci.

Saura tambaya ɗaya kafin a buɗe tanki: me ya sa zafi ke tsananta abin? Aka koma kan wuta, wannan karon da mita, kuma famfo yana aiki, domin waya mai rauni ba ta nuna rauninta sai tana ɗauke da kaya. Batir a kashe ya nuna volt 12.6. Da inji ke aiki ya nuna 14.1, wanda ke nuna caji lafiya yake. Amma a bakin famfo, bayan inji ya yi zafi, abin da ke isa 12.3 ne kawai. Volt 1.8 sun ɓata a hanya, alhali a layi mai lafiya asarar bai kamata ta wuce rabin volt ba. Aka bi layin gaɓa-gaɓa, ana ɗora tsinken mita ɗaya kafin kowace mahaɗa, ɗayan kuma bayanta. Fis da rile da wayar da ke komawa jikin babur ɗan kaɗan suka ci. Volt 1.5 cif sun tsaya ne a soket ɗin da ke ƙarƙashin tanki.

Da aka zare soket ɗin aka duba shi a haske, robar da ke kewaye da ƙafa ɗaya ta yi launin ƙasa ta ɗan narke, ƙarfen ya dushe, kuma bakin da ya kamata ya cije ƙafar ya saki har tana wasa a ciki. Famfon yana jan kusan amfiya 5. Asarar volt 1.5 a kan amfiya 5 na nufin juriyar om 0.3 kacal, adadin da wayoyin mita su kaɗai kan iya nunawa, shi ya sa wanda ya auna juriya a kashe zai wuce wurin bai ga komai ba. Amma wannan ɗan adadi yana haifar da zafin wat 7.5 a kan ƙarfen da bai kai tsinken ashana kauri ba. Zafi yana sassauta cizon ƙarfen, sassaucin yana ƙara juriya, juriyar tana ƙara zafi, famfo kuma yana rage gudu yayin da wutarsa ke raguwa. Hutun minti goma da babur ɗin ke nema, soket ɗin ne ke hucewa a cikinsa.

Kafin buɗe tanki an sauke matsin layi ta hanyar zare soket ɗin famfo a bar inji ya yi aiki har ya mutu da kansa, aka cire wayar negatif ta batir, aka juye man a mazubin da ya dace, a wuri mai iska, babu wuta ko tartsatsi a kusa, da abin kashe gobara a gefe. Tururin fetur ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa ya kai inda ba a zata ba, kuma ba na ganin akwai gaggawar da ta isa a tsallake waɗannan matakai.

Abin da aka gani a ciki ya haɗa labarin wuri guda. Gindin tankin da ɗinkin gefensa sun yi tsatsa, akwai ɗigon ruwa a ƙarƙashin ragowar man, kuma sabuwar rariyar da aka sa kwanan nan ta riga ta koma ja, idan aka matsa ta da yatsa laka take fitarwa. Ruwan ya shigo ne ta bakin tanki saboda kafar nan da ta toshe, ga kuma raɓar da ke taruwa a jikin tankin da ba a cika ba. Idan fetur ɗin mai gaurayen sinadarin itanol ne abin ya fi sauri, domin itanol yana jan danshi, in ya ƙoshi kuma sai ya rabu da fetur ya kwanta a ƙasa tare da ruwan, daidai inda famfo ke zuƙa. Rariyar tana tare manyan ɓarɓashi, waɗanda kan taru a jikinta yayin tafiya su zube idan famfo ya tsaya, wani dalilin ke nan da ya sa hutu ke kawo sauƙi. Garin tsatsa mai laushi kuwa yana wucewa ta cikin famfo ya je ya maƙale a filta ta biyu, wadda ke bayan famfo, a gine cikin gidan robar da ba a canza ba. Da aka yanka tsohon gidan daga baya, takardar filtar ta yi tauri da jan gari, ninkinta duk sun cike.

Wannan filta ita ce ta haɗa matsalar mai da ta wuta. Famfon da ke tura mai ta toshesshiyar filta yana aiki da matsin da ya wuce wanda geji ke nunawa a gaba, don haka yana jan wuta fiye da ƙima, kuma wannan ƙarin wutar ce ta gasa soket ɗin da shekaru suka riga suka raunana. Jerin ya tashi daga kafar ruwa zuwa tsatsa, daga tsatsa zuwa filta, daga filta zuwa soket. Famfon farko mai yiwuwa ya gaji da gaske, amma na biyun an sa shi ne a cikin tanki mai datti, a gaban filta toshesshiya, a ƙarshen waya mai asara. Na uku ma da hakan zai same shi.

Gyaran ya fara daga tanki. An cire famfo da ma'aunin mai, aka wanke shi, aka jiƙa shi da maganin tsatsa mai sinadarin fosforik, aka ɗauraye, aka busar da shi sarai kafin a zuba masa fetur, domin ƙarfen da aka kankare yana sake tsatsa cikin sa'o'i idan aka bar shi da danshi. An yi tunanin shafa masa fenti na ciki, amma aka fasa, kuma ina ganin daidai ne: ƙarfen bai huje ba, fentin da bai kama da kyau ba kuwa yakan ɓare ya toshe rariya fiye da yadda tsatsa ta yi. An buɗe kafar ruwan da siririyar waya da iska mai matsi, aka zuba ruwa a ramin aka ga yana fita ta ƙasa, aka canza robar murfin.

An sa sabon gida mai sabuwar filta da sabuwar rariya. Ɗan guntun tiyon da ke cikin tanki an zaɓi wanda aka yi domin zama cikin fetur, mai lambar SAE J30R10, saboda tiyon mai na waje cikinsa kawai ke jure fetur, bayansa yakan kumbura ya ruɓe idan aka nutsar da shi. An sa sabon zoben roba a bakin farantin famfo, aka ɗaure notocin a giciye kaɗan-kaɗan domin ya zauna daidai. Soket ɗin an canza ɓangarorinsa biyu, aka matse sababbin ƙafafu da abin matsewa maimakon murɗa waya a naɗe da salatif. Ba a ƙara girman fis ba, ba a kuma ja wa famfo waya kai tsaye daga maɓalli ba, duk da cewa ana yin hakan, domin wannan yana ƙetare sensar faɗuwa, kuma famfon da ke ci gaba da tura fetur bayan babur ya faɗi hatsari ne ga rai. An ciro injektocin aka wanke ƙananan rariyoyin bakinsu, aka duba feshinsu ya yi daidai da juna.

Batun da aka fi tattaunawa da mai babur shi ne ko a sake canza injin famfon. Ya haɗiyi garin tsatsa, wannan gaskiya ne, kuma garin yana cin farfela da burushin da ke cikin injin famfon. Amma an bar awo ya yi hukunci. Bayan an haɗa komai an zuba sabon fetur, aka kunna maɓalli sau da yawa ana duba yoyo kafin a tayar da inji, sannan aka maimaita gwaje-gwajen farko bi da bi. Kwarara ta daƙiƙa goma ta wuce adadin littafi. Asarar wuta daga batir zuwa famfo ta sauko zuwa volt 0.3. Wutar da famfon ke ja ta ragu ƙasa da amfiya 4, kukansa ya yi laushi. A hanya, da inji mai zafi da totur a buɗe, allurar geji ta tsaya a 43 ba ta sauka ba, kuma soket ɗin bai ɗumama ba da aka taɓa shi. Bisa waɗannan aka bar famfon a wurinsa.

An ba mai babur adadin a rubuce, tare da shawarar kada ya saba tafiya da mai a gindin tanki, tun da fetur ɗin ne ke sanyaya famfon, kuma idan zai sake ajiye babur ɗin na dogon lokaci ya cika tankin ya ajiye shi a inuwa. An kuma tsayar da cewa bayan kilomita 1,000 za a sake ciro famfon a duba rariyar, domin ragowar tsatsar da ke ɓoye a ɗinkin tanki takan fito daga baya, sannan a sake auna kwarara da amfiya. Idan kwarara ta ragu ko amfiya ta hau alhali rariya da filta suna da tsabta, a lokacin ne za a canza injin famfon.